Taswirar kwasa-kwasan injiniya: wa ya gwada, me ya gani?

Malamin lantarki, Unguwar Rimi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, kashi 70 daga gare ta, kashi 30 daga jami'a, ga kuma COREN, hukumar kula da aikin injiniya, na son a nuna abin da kowane kwas ke ƙara wa ɗalibi, sai sashenmu ya fara zana manhaja kamar taswira: kowane kwas da akwatinsa, kibiya na nuna wanda ke shiryar da ɗalibi zuwa wani. Waɗanda suka gwada, ku ba mu labari.

Ɗalibar HND, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Mu tamu manhajar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ce ke tsarawa, amma amfanin ɗaya ne. Da draw.io, shirin zana taswira, na yi tawa, don na kwamfuta yana aiki ko babu data. Ranar da na ja kibiya daga lissafin Laplace (wani sashe na lissafin injiniya) zuwa kwas ɗin sarrafa na'urori na gane dalilin da ya sa wanda ya haye lissafin da ƙyar yake shan wuya a gaba.

Injiniyan gine-gine, Barnawa:
Ƙanwata kin yi daidai, sai dai ki rubuta wani abu a kan kibiyar. Na fara da XMind, wani shirin zana taswira, amma shi reshe yake fitarwa daga cibiya ɗaya, alhali kwasa-kwasanmu sun sarƙe da juna: kwas ɗin ƙarfin kayan gini na dogara da na lissafin nauyi, sannan ya shiga zanen kankare da na ƙarfe. Shirin CmapTools ya fi dacewa. Kyauta ne, an gina shi kan tsarin zana alaƙar darussa da Joseph Novak ya ɓullo da shi a Jami'ar Cornell a 1972, kuma yana ba ka gurbin rubutu tsakanin akwati biyu: "yana buƙatar", "ana amfani da shi a". Nan ake gane wanda ya fahimta.

Ɗan aji uku, Mando:
Gaskiya Yallaɓai ni wadda aka turo mana a WhatsApp ba ta amfane ni ba. Kibiyoyi sun cakuɗe kamar wayoyin falwaya, a waya ba ta karantuwa. Mu huɗu muka sayi kwali da maka, muka zana ta zango ɗaya kawai, muka manna a bangon ɗaki.

Malamin lantarki, Unguwar Rimi:
Madalla. Mu kuma da muka zana, sai ga kwas biyu na koyar da abu ɗaya, wani kuma na neman ilimin da sai zango na gaba ake ba da shi. Ɗan Mando, ɗauko mana hoton kwalin nan, zan nuna wa 'yan ajina ranar Litinin in sha Allahu.