Halin ɗan takara yana juya ƙuri'a kuwa?

Malamin Fagge: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku da kuka san bakin akwati da kamfen gida-gida, da gaske halin ɗan takara yana juya ƙuri'a, ko dai hirar teburin mai shayi ce kawai?

Wakilin Akwati, Dala: Wa alaikumus salam. Yana juyawa, Malam, sai dai hali ba ya goyo. Duba 2011. Buhari ya cinye jihohi 12 na Arewa a jam'iyyar CPC da sunan Mai Gaskiya, amma da aka zo zaɓen gwamnoni Nasarawa kaɗai jam'iyyar ta samu. A Kano an ba shi rinjaye, aka juyo aka ba Kwankwaso na PDP kujerar gwamna. Kiran "sak", wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ya fi kamawa idan rana ɗaya aka miƙa wa mutum takardu uku, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, hannu yana bin tambari ɗaya. Haka da yawa suka shige cikin rigar Buhari a 2015. Da an raba ranaku, kowa sai ya tsaya da ƙafarsa.

Hajiyar Mata, Gusau: Gaskiyarka ɗana. Amma ku maza kuna cewa "hali" a dunƙule. A cikin gida tambayoyin a fili suke: ya zo gaisuwar mutuwa? Da ya zo, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ko daga cikin mota ya sauke gilashi ya ɗaga hannu? Yana ɗaga waya bayan ya ci zaɓe? Matarsa tana shiga mutane? Girman kai ya fi rowa kashe ɗan takara. Marowaci ana yi masa uzuri a ce ba shi da shi, wanda ya wulaƙanta mutane kuwa labarinsa yana zaga gidajen biki da suna kafin sati. Atamfa da taliya da sabulu za a karɓa, babu mai mayarwa, amma mace ta shiga wajen dangwale ita kaɗai ce.

Dattijon Gwammaja: Wannan ba yau aka fara ba. A 1979 PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta ɗauki Kano da Kaduna, kuma rabin kamfen ɗin gidan Malam Aminu Kano ne, kowa yana ganin yadda yake zaune ba tara dukiya. A 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa, don sunan Abiola na kyauta ya riga shi isowa Arewa. A 2003 Shekarau, tsohon malamin makaranta, ya kayar da gwamna mai ci a Kano.

Ɗan Jarida, Zariya: Baba, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa. Mutum nawa ne suka taɓa zama da ɗan takarar gwamna? Abin da ake zaɓa halin da aka ji ne, daga sojojin baka a rediyo, da mawaƙa, da malamin unguwa, yanzu kuma guntun bidiyo a WhatsApp da TikTok. Shi ya sa ganin ido ya fi aiki a kujerar kansila da ɗan majalisar jiha, inda aka san gidan uban mutum. Sama da nan laƙabi ne ke aiki, kuma wanda ya riga liƙa wa abokin hamayya "mai girman kai" ya gama rabin aiki, ƙaryatawa ba ta kamo shi.

Ma'aikaciyar Zaɓe, Katsina: Yayyena, duk kun manta inda ƙauna take zubewa. Takardar ƙuri'a babu hoton ɗan takara, babu sunansa, sai tambarin jam'iyya da haruffanta. Tsohuwa za ta zo ta ce a nuna mata wajen mutumin kirkin nan, ma'aikaci kuma ba shi da hurumin nuna mata. A 2019 ƴan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takarda zuru-zuru kamar zani, neman tsintsiya ko lema ma aiki ne. Ya fi muni ga wanda ya sauya sheƙa, masoyansa su dangwala wa tsohuwar jam'iyyarsa da zuciya ɗaya. Abin da ya sa ƴan Kwankwasiyya suka yi ta nanata kwandon kayan marmari, tambarin jam'iyyar NNPP, a 2023 ke nan. Sai tawada: in ta yi yawa ta tsallaka layi, ko a naɗe takarda tana ɗanya ta shafi gidan wata jam'iyya, wajen ƙirga a yi ta gardama, wani lokacin a jefa ta cikin lalatattu.

Wakilin Akwati, Dala: Maganinsa gwaji tun ana saura sati. A nuna tambarin a takarda, yatsa ɗaya, cikin gida ɗaya, a ɗan jira ta sha iska, sannan a naɗe ta a tsaye yadda tawadar ba za ta faɗa kan wani gidan ba. Wakili kuma kada ya tashi sai an cike EC8A, takardar sakamakon akwati, ya sa hannu ya karɓi kwafinsa.