Musayar waƙa: Bagadaza ta faɗi, Falluja ta ƙi

Mai Alƙalami:
Salam 'yan uwa, yau kan Iraƙi za mu yi, duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ba" don Allah kar a kauce

Afrilun 2003 aka ja gunkin Saddam da sarƙa,
Bagadaza ta faɗi ko wata guda ba a yi ba.
Bremer, wanda Amurka ta ɗora kan mulkin ƙasar, ya rushe rundunar sojan Iraƙi da takarda ɗaya,
Suka koma gida ba albashi, bindiga kuwa ba a karɓe ba.
Ka kori mai horon yaƙi ka bar shi da yunwa,
Wa ya ce maka gobe ba zai dawo ba?

Baban Yara:
Malam ka sosa min inda ke ƙaiƙayi wallahi, ga tawa

A Falluja gaban makaranta sojan Amurka suka buɗe wuta
Kan masu zanga-zanga, garin bai manta ba.
Maris 2004 aka kashe 'yan Blackwater huɗu, ma'aikatan wani kamfanin tsaro na Amurka,
Aka rataye gawa a gada, abin da addini bai yarda ba.
Nuwamba aka yi wa gari zobe, aka ce kowa ya fice,
Gida gida ake bi, a fasa bango a shiga, ba ta ƙofa ba,
Don ƙofa an ɗana mata bam,
Wanda ya taɓa ta bai kai labari ba.

Ƙanwarku:
Baba kayi haƙuri amma wannan "kowa ya fice" ɗin shi ke ci min rai

Tsohuwar da ƙafa ta ƙi fa, ina za ta?
Mazan da aka maido daga shinge ba su fita ba.
Asibiti aka fara kamawa tun daren farko,
Farar fosforas mai ƙona jiki ta sauka, ba ta tambayi sunan kowa ba.
Uwa ta dawo ta tsinci tukunyarta cikin ɓaraguzai,
Ɗakin da ta haihu a ciki ba ta gane shi ba.

Tsohon Soja:
'Yata kukanki gaskiya ne, sai dai ki ji nawa

Yaran Zarƙawi, shugaban Alƙa'ida a Iraƙi, suna yanka mutane a garin,
Soja a lungu bai san wace taga ce ajalinsa ba.
Amma 2006 da sarakunan lardin Anbar suka tashi da Sahwa, dakarun ƙabilu masu yaƙar Alƙa'ida,
Suka yi abin da tankar yaƙi ba ta yi ba,
Don ɗan unguwa ya san baƙon fuska,
Ya san gidan da jiya ba a kwana ba.

Mai Alƙalami:
Yallaɓai to ai nan ne zafin

'Yan Sahwa aka yi wa alkawarin aiki,
Gwamnatin Firaminista Maliki ba ta cika wa mafi yawansu ba.
Janairun 2014 Da'esh ta shiga Falluja,
Garin da aka ce an share, shekara 10 ba a cika ba.

Wa zai ɗauko mana Mosul daga nan? Ƙanwata ke nake jira