Asibitin gwamnati ko katin ta'amin (inshorar lafiya): me kuka gani a Saudiyya?

Baban Khalifa, Jidda: Salamu alaikum jama'a. Jiya gardama ta kaure mana a wurin aiki: gwamnati ta ɗauki lafiyar kowa, ko kowa ya dogara da inshorarsa? Ni katina ajin C ne, kamfani ke biya, tunda sai da shi ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Watan jiya tsakuwar ƙoda ta kayar da ni. Likita ya rubuta hoto, aka ce sai muwafaƙa, wato amincewa, ta fito daga kamfanin ta'amin. Awa huɗu ina kan benci ina murƙususu, ma'aikaciyar sai duba kwamfuta take tana cewa "lissa", wato da saura. Da muwafaƙar ta fito kuma na biya kashi 20 cikin ɗari. Ku fa?

Maman Hanan, Makka: Baban Khalifa, ka gode Allah kana da abin jira. Ni a unguwar Shari'a Mansur a nan Makka aka haife ni, amma takardar zama babu. Maƙwabciyata 'yar ƙasa ce, awon ciki da haihuwa duk a asibitin gwamnati, ko riyal ɗaya ba ta cire ba. Ni sai da na sayar da 'yan kunnena kafin na haifi autana a asibitin kuɗi. Layi ɗaya muka taso da ita.

Abu Sumayya, Madina: Allah Ya kawo mafita, Maman Hanan. Amma a kantin magani nake aiki, ina ganin 'yan ƙasar da kansu suna miƙo katin kamfanin inshora na Bupa ko Tawuniya, saboda ganin babban likita a na gwamnati sai ka yi watanni kana jiran mau'idi, wato ranar da za a ba ka ta ganinsa. Kyautar ma ai kuɗin fetur ne ke ɗauke da ita.

Baban Khalifa: Fetur kaɗai, Malam? Riyal 400 nake biyan gwamnati a kan kowane ɗa duk wata, ga harajin kashi 15 a kan duk abin da na saya. Aljihuna na cikin wannan kyautar, ƙofar ce ba a buɗe mini ba.

Hajiya Babba, Makka: Ni abin da ya tsaya mini a rai, yayata ta zo Hajji daga Katsina, zafi ya kayar da ita a Mina. Muka kira 997, lambar motar asibiti, kwana uku tana kwance, ba wanda ya tambayi kati. In za a iya yi wa baƙon Allah na mako biyu, wanda ya shekara talatin yana share Harami fa?

Abu Sumayya: Wannan kam, Hajiya, ba ni da amsarsa.