Wa zai gaji ogogin walwala in sun yi ritaya?

Ƴar Bukuru: Jama'a ina da tambaya, ofishinmu na walwalar jama'a ogoginmu duk sun kusa ritaya kuma ba wanda aka koya wa riƙe ofis, yaya za a yi?

Ɗan Tudun Wada: Gaskiya Hajiya kin taɓo inda ke min ciwo. Kwas ɗin NIPSS, wato cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta ƙasa da ke Kuru, manya ake turawa, mu da ke bin kes ɗin marayu unguwa-unguwa ko wokshop babu.

Baba mai ritaya: Ƴata, ku roƙi oga ya riƙa shiga da ku mitin ɗin kasafi da zaman kotun iyali, ya bar ku ku rubuta rahoto ya gyara da jan biro. Dokar 2022 da ta kafa majalisar kula da aikin walwala ta ƙasa ma ku karanta ta.

Ƴar Bukuru: Na gode Baba, gobe zan tunkare shi insha Allah.