Jiƙon ɓawon lemo a ruwan inabi, ya ake yi kar ya juya?

Maman Ilham, Jidda:
Salamu alaikum yan uwa, dan Allah wadda ta iya ta taimaka min. Akwai abin sha da mutanen kudancin Faransa ke yi, su jiƙa lemo mai ɗaci cikin giyar inabi da suga wajen kwana 40, su ɗan kurɓa kafin abinci wai yana buɗe ciki. To mu giya ba tamu bace, ga haramci ga dokar ƙasa, ni dai ƙamshin lemon nan da ɗan ɗacin nake so in samu a ruwan inabi na kwali don baƙi zan yi, tsorona kar in ajiye ya juya ya zama abin da ake gudu.

Hajiya Ta Makka:
Wa alaikumus salam yata. Ki bar zancen kwana 40 ɗin nan, su giyar ce ke tsare musu shi, ruwan inabi kuwa suga ne zalla in ya kwana biyu a zafin Jidda ya fara aiki. Ƙamshin ai a ɓawo yake. Ki wanke lemon zaƙi 4 da lemon tsami 2 da ruwan ɗumi sosai saboda na kanti ana shafa musu wani abu mai sheƙi, ki fere saman kawai kar ki haɗa da farin ciki, ki zuba suga kofi ɗaya ki murza da hannu ki rufe ya kwana, da safe za ki ga sugan ya jiƙe sharkaf man ɓawon ya fito. Sai ki zuba ruwan zafi kofi ɗaya da kanumfari 3 da hel (cardamom) kaɗan, ya huce ki tace ki sa a firij. Inabin kuma sai ranar da baƙi za su zo ki haɗa. In sanyi ya shigo ki leƙa halaga, wato kasuwar kayan marmari, lemon Najran da na Hariƙ na nan Saudiyya na shigowa.

Abu Sadik, Madina:
Hajiya ta gama magana. Ƙarin da zan yi, a Sahihu Muslim Ibn Abbas ya ce ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi yana sha har yammacin kwana na uku, abin da ya rage ya ba wani ko a zubar. Kin ga iyaka kenan yar uwa. In kin ga kumfa na tasowa ko kin buɗe kwalba ta yi fus, zubar kawai.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. To ɗacin fa Hajiya, in na cire farin daga ina zai zo?

Ummu Rayyan, Riyad:
Bari in shigo Hajiya. Lomi baƙi, busasshen lemon nan da ake sa wa shinkafar kabsa, ki fasa guda ɗaya ki cire yayan don su ɗacinsu ba daɗi, ki jefa a ruwan zafin minti 10 ki tsame. In kin samu naranj to shine ainihin lemon da Faransawan ke sawa, ɓawon ɗaya ya isa. Wajen zubawa ki sa inabi fari ba ja ba, ja yana danne ƙamshin, sai ruwan soda da ƙanƙara da na'a-na'a kamar yadda ake yin shamfen ɗin Saudiyya, abin shan nan marar giya, a gidajen abinci, amma a ƙananan kofuna don in aka cika musu ba za su ci shinkafar ba.