Motsin maniyyin ɓera ya ragu, enzayim bai sauya ba: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ina auna ƙarfin enzayim biyu (sinadaran da ke hanzarta ayyukan jiki), LDH-C4 da GGT, a maraina da efididimis na ɓeraye. Efididimis shi ne dogon bututun nan da ke naɗe a jikin maraina, inda ƙwayoyin maniyyi ke kammala nuna har su iya motsi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a rukunin da aka ba magani motsin ƙwayoyin da na ɗebo daga wutsiyar bututun ya ragu ƙwarai, amma awon enzayim ɗin bai nuna wani sauyi ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Malama. Mun ga haka a lokacin da tsarin aikin da aka ba mu ya ce a niƙa bututun gaba ɗaya. GGT kuwa ya fi yawa a sashen farko da kan bututun, yana raguwa idan an gangara wutsiya, saboda haka niƙa su tare yana binne bambancin. Da muka koma yanka shi kashi uku a kan ƙanƙara, sai sauyin ya fito fili. Ki kuma wanke jini sosai, domin jajayen ƙwayoyin jini cike suke da LDH, wato dangin enzayim ɗin da LDH-C4 yake cikinsu.

Malamin kimiyyar sinadaran jiki:
Malama, tambayar da nake fara yi wa ɗalibaina ita ce tsawon lokacin da aka ɗauka ana ba da maganin, kuma sau da yawa amsar tana nan. Samar da ƙwayar maniyyi a marainan ƙaramin ɓera (mouse) yana ɗaukar kusan kwana 35, sannan ta ƙara kamar kwana goma tana ratsa bututun. LDH-C4, wanda masana Blanco da Zinkham, da kuma Goldberg, suka bayyana a 1963, ana haɗa shi ne tun ƙwayar tana cikin maraina. Idan maganin bai daɗe ba, ƙwayoyin da kika tarar a wutsiya sun riga sun ɗauki guzurinsu na enzayim kafin ya taɓa su, kuma raguwar motsin tana nuna matsalar a bututun take. A ganina wannan sakamako ne mai daraja, bai kamata a ɗauke shi a matsayin gwajin da ya lalace ba. Akwai kuma batun hanyar awo: idan kina bin raguwar NADH (sinadarin da LDH ke cinyewa yayin aikinsa) da haske mai tsawon zango nanomita 340, kina amfani da sinadarin fayirubet kaɗai, duk nau'o'in LDH kike haɗawa. A wurinmu sai da muka koma amfani da sinadarin alfa-ketobalaret, wanda LDH-C4 na ɓera ke sarrafawa, kafin muka iya ware shi.

Likitar dabbobi:
Na goyi bayan Malam. A ɓerayen da muka fiɗiye, bututun ya motse, jakar ruwan maniyyi ma ta ƙanƙance, domin dukansu sun dogara da testosteron, sinadarin mazantaka da maraina ke samarwa. Tun daga nan nake auna nauyin jakar a kowane gwaji, aiki ne mai sauƙi. Ki duba GPx5 ma, enzayim ɗin da kan bututun ke fitarwa don kare ƙwayoyin: wani bincike na 2009 ya nuna ɓerayen da aka cire wa shi suna samun lalacewar DNA (sinadarin gado) a maniyyin wutsiyar bututun.

Ɗalibar digiri na biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Maganin namu bai kai mako uku ba, ke nan bayanin Malam ya yi daidai da abin da na gani. Zan raba bututun kashi uku a zagaye na gaba, in auna jakar, in kuma nemi izinin ƙara rukunin da zai wuce kwana 45 yana shan maganin.