Yaya zan ɗumama garejin gidana a lokacin hunturu?

Tela daga Malali:
Assalamu alaikum. Na mayar da rabin garejin gidana wurin ɗinki, mota kuma tana kwana a ɗaya rabin. Tun shigowar watan Disamba, idan na zauna kan keke bayan sallar Asuba, yatsuna sukan sandare har in kasa zura zare a allura, ga ƙurar da take kwanciya a kan shaddar mutane. Rufin kwano ne babu silin, ƙofar ƙarfe ce, kuma akwai ratar da ta kai yatsa uku a ƙarƙashinta. Shin in sa kaskon gawayi ne, ko in sayi hita?

Kafinta daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka kashe kuɗi a kan abin ɗumama ɗaki, ka fara tare inda ɗumin yake fita. Iska mai ɗumi sama take tashi, kwano kuwa ba ya riƙe zafi, shi ya sa ɗakin da babu silin yakan zama kamar randa kafin gari ya waye. Ka sa a buga maka silin na katako, domin iskar da za ta tsaya tsakaninsa da kwano ita ce za ta yi maka aikin bargo, kuma za ka sake cin moriyarsa idan zafin Maris da Afrilu ya kama. Ratar ƙofa kuwa, tsohon tif na taya ya isa: a yanka shi da tsawo, a ɗaure a bakin ƙofar yadda zai riƙa share ƙasa. Duk kayan nan akwai su a kasuwar Panteka ta nan Kaduna. Sannan ka raba wurin ɗinkin da wurin mota da labule mai kauri.

Ma'aikaciyar jinya daga Kawo:
Don Allah Malam, ka janye maganar kasko gaba ɗaya, musamman bayan ka toshe ƙofofin iska. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, sai dai ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake buƙata. Mutum yakan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci ya ɗauke shi. Na taɓa karɓar wani maigadi da aka ɗauko da asuba a sume, abokan aikinsa suna cewa ƙyauren ɗakinsa a rufe yake, garwashi yana ci kusa da tabarmarsa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Hayaƙin mota da na janareto ma wannan gubar suke ɗauke da ita, saboda haka kada ka tayar da mota ƙofa tana rufe.

Mai aikin wayarin daga Barnawa:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma tururin fetur kaɗai ya isa dalilin nisanta wuta daga gareji. Idan hita za ka saya, ka sani cewa mai wat 2000 tana cin yunit 2 a kowace awa, kuma ƙaramin janareto ba zai ɗauke ta ba. Ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a siririyar wayar ƙari ba, ka kuma nisanta ta da ƙyallaye.

Tela daga Malali:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kaskon ya koma tsakar gida. Malam kafinta, garejin ƙafa 12 ne da ƙafa 20, fallen katako nawa zai ci?